Baƙaƙen da Goebbels Ya Saka a Fim

Tun da aka nuna fim ɗin Andres Veiel kan rayuwar mai shirya fina-finai Leni Riefenstahl a bikin fina-finai na Venis a 2024, tsohuwar gardama ta sake tashi: matar nan 'yar Nazi ce, ko gwanar kyamara ce kawai? Ana ta cacar baki a kanta, sai ka ce ita kaɗai ce masana'antar fim ta zamanin Nazi.

Gaskiya ne fim ɗinta na taron jam'iyyar Nazi a Nuremberg a 1934 shi aka fi sani. Amma a shekara 12 na mulkin Hitler an fitar da fina-finai sama da 1,000, galibinsu na soyayya da barkwanci da waƙe-waƙe. Ministan farfaganda Joseph Goebbels ya fi son a dama maganin cikin fura, mai kallo ya sha bai sani ba. Tun 1933 duk wanda ba ya cikin hukumar fim ta gwamnati ba shi da aiki, Yahudawa kuwa aka kore su.

Waɗanda ba a ambata su ne 'yan Afirka. A 1941 aka yi fim mai suna Carl Peters, ana kambama mutumin da ya buɗe wa Jamus mulkin mallaka a Gabashin Afirka, wanda gwamnatinsa da kanta ta sallama a 1897 saboda rataye mutane. Irin wannan fim yana buƙatar baƙar fata. Baƙaƙen da ke zaune a Jamus kuwa an toshe musu kusan kowace hanyar abinci, sai wannan. Louis Brody, haifaffen Duwala ta Kamaru, ya fito a ciki, ya kuma fito a Jud Süß, fim ɗin cusa ƙiyayyar Yahudawa. Wa zai tuhumi mai neman tsira da ransa?

Malaman tarihi na jami'o'inmu, har yaushe za a riƙa koyar da Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da sunan Bayume Mohamed Husen ba? Haifaffen Darussalam ne, ya yi wa Jamus aikin soja tun yana yaro, ya taka rawar jagoran Peters a fim ɗin. A shekarar da fim ɗin ya fito aka kama shi bisa zargin hulɗa da Bajamushiya, aka kai shi sansanin Sachsenhausen ba shari'a. Can ya mutu a Nuwamban 1944. Sai a 2007, bayan shekara 63, aka kafa alamar tunawa da shi a ƙofar gidan da ya zauna a Berlin.