Yini Ɗaya A Ajin 'Yan KG A Kumasi, Gab Da Shigowar Hunturu

Maganar ta taso ne a kan tabarma, bayan sallar isha'i, a tsakiyar watan Nuwamba. An sa ranar bikin ƙanena a gida, can ƙasar Sakkwato, kamar yadda aka saba: sai an gama girbi, gero ya shiga rumbu, kuɗi sun zo hannun mutane. Hajiyarmu ta bugo waya ta ce lallai maiɗakina ta taho da yara duka su yi wata ɗaya da rabi. Na ce to.

Da na ajiye waya sai maiɗakina ta ce, "Alhaji, Jummai fa? Ba za a ba su hutu ba sai Disamba ya yi nisa."

Na yi dariya. Na ce, "Wane karatu ne za ta rasa? Yarinya 'yar shekara biyar, kullum ta dawo da ƙasa a riga, jakarta cike da murafun kwalba. Ai wasa kawai suke yi."

Ta ce, "To ka taɓa zuwa ka gani?"

Ban taɓa ba. Shekarata goma sha huɗu ina sana'ar goro a Kumasi, na san kowane lungu daga Aboabo zuwa Kejetia, amma ajin 'yata da ke bayan layinmu ban san kalar ƙofarsa ba. Ga shi kuwa lokacin sabon goro ne, lokacin da ɗan goro ba ya da sararin sosa kai. Duk da haka na bar wa yarona rumfa ranar wata Talata, na riƙe hannun Jummai muka tafi. Niyyata in gaya wa malamarsu cewa za ta yi tafiya, in juyo. Ban fito ba sai da aka tashi.

Safiya

Ga waɗanda ba su zauna a Gana ba: a Zango in an ce "makaranta", ta allo ake nufi. Ta boko kuwa "sukuu" ake ce mata. Ajin da nake magana a kai shi ne KG, na share fage, shekara biyu ne, ga 'yan shekara huɗu da biyar. Tun gyaran tsarin ilimi na 2007 da dokar da ta biyo baya a 2008 aka shigar da shi cikin ilimin tushe na gwamnati, ba kamar da ba da ake ɗaukarsa wurin ajiye yara kafin uwa ta dawo daga kasuwa. Jummai tana KG 2.

Mun isa wajen ƙarfe 7:30. Damina ta biyu ta ja jiki, hazo ya fara sauka sama-sama, irin wanda in ɗan Sakkwato ya gani zai ce wannan ai ba komai ba ne, amma nan har an fara sa wa yara rigar sanyi. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo, wanda 'yan Gana ke kira Veronica, da sabulu a gefe. Kowane yaro sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Babu wanda ya ce musu su yi layi, da kansu suka jeru.

Na ƙirga yara 47 a ɗakin. Malama ɗaya, Ba'asantiya, kowa Madam yake ce mata, sai mataimakiyarta, 'yar Zango mai jin Hausa da Tuwi. Kujeru ba su isa ba, wasu a kan tabarma suke. Na gabatar da kaina, Madam ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Alaji, zauna kaɗan, ka gani." Ta ba ni wata 'yar kujera da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata.

Aka fara da da'ira. Kowa ya zauna a ƙasa, Madam ta tambayi wace rana ce yau. Aka ce Talata. Ta ce duk wanda aka haifa ranar Talata ya miƙe. Su Kwabena da Abena suka miƙe, sai mataimakiyar ta ce da Hausa, "Ina Talatu? Ina Ɗantala?" Wata yarinya ta tashi tana rufe fuska. Ashe da sunayen rana suke koyon kwanakin mako, tunda Asante da Hausa duk muna da wannan al'ada. Madam ta nuna 'yata ta ce, "Wannan Afia ce, 'yar Juma'a." Jummai ta ce, "A gidanmu Jummai ne." Madam ta ce duka biyun daidai ne, kuma in da namiji ce da Kofi za a ce, kamar Kofi Annan.

Daga nan aka aiki yaro ɗaya ya leƙa waje ya faɗi yadda gari yake. Ya dawo ya ce akwai rana amma ta yi fari. Ya ɗauki hoton rana da aka shafa wa alli ya liƙa a jikin allon yanayi. Na duba allon: farkon wata hotunan gajimare da ruwa ne jefi-jefi, sai suka yi ta raguwa. Madam ta tambaye su me ke faruwa da leɓe in wannan iska ta zo. Suka ce yana tsagewa. Me ake shafawa? 'Yan Asante suka ce "nkuto", namu suka ce man kaɗanya. Ta ce a riƙa shan ruwa, a rufe hanci in ƙura ta taso.

Murafun kwalba

Bayan da'ira aka raba su rukuni-rukuni. Kowace kusurwa ta ɗakin da aikinta. Akwai ta littattafai, inda ake kallon hotuna ana ba da labari. Akwai ta yashi, inda ake zana baƙaƙe da yatsa a cikin faranti. Akwai ta shago, da gwangwanayen madara da na tumatir da kwalayen ashana, da kuɗin takarda da aka yanka aka rubuta sidi 1, sidi 2, sidi 5. Na tsaya a nan na ɗan jima, domin wani yaro ya hana abokinsa bashi, ya ce na jiya ma bai biya ba.

Jummai tana kusurwar lissafi. Aka zube musu murafun kwalba a tire, irin waɗanda nake yi mata faɗa a kansu. Aikin shi ne su ware ja daban, fari daban, sannan su jera kowane kashi biyar-biyar, su faɗi wanne ya fi yawa. Na ga ta ɗauki wani murfi da ya lanƙwashe, ta jujjuya shi, ta ajiye gefe. Mataimakiyar ta ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Ya lalace. Baba ma cirewa yake yi."

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da nake yi ke nan kowace safiya in an kwance huhu: fari gefe, ja gefe, marsa daban, minu daban, wanda sankara ta taɓa a fitar da shi kafin ya ɓata sauran, sannan a ƙirga biyar-biyar har ƙwarya ta cika ɗari. Ni a rumfar kawuna na koya ina da shekara goma sha biyu, da rankwashi. Ita ga ta tana koyonsa a shekara biyar, tana dariya. Kuma ban taɓa lura tana kallon hannuna ba.

Da aka fita tara, na tambayi Madam dalilin da ba ta zaunar da su su cika littafi da rubutu ba. Mataimakiyar ce ta yi mana tafinta inda Hausa ta ƙare. Ta ce manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ginu ne a kan koyo ta hanyar wasa, kuma an tsara shekarar jigo-jigo: yaro ya fara da sanin kansa, sai iyalinsa, sai unguwarsa, sai ƙasarsa, har zuwa duniya. Ta ce yaron da bai iya ware abu da abu ba, bai gane "ya fi yawa" da "ya fi kaɗan" da hannunsa ba, ko ya haddace ƙirge har ɗari, waƙa kawai ya iya. Yatsan da bai saba zane a yashi da murɗa laka ba kuwa, fensir zai yi masa nauyi. Ta ce iyaye da yawa suna zuwa da irin ƙorafina, wasu har su cire yaro su kai shi inda za a ba shi aikin gida shafi uku.

Harshe uku a baki ɗaya

Abin da ya fi damun Hajiyarmu, kuma ni ma yana raina, shi ne harshe. A Gana akwai harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, irin su Tuwi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani. Hausa ba ta ciki, duk da yawan masu jin ta. Don haka a Kumasi yaronmu da Tuwi da Turanci yake karatu, Larabci a makarantar allo da yamma, Hausa kuwa sai abin da ya samu a gida da layi.

Na faɗa wa Madam tsorona kai tsaye. Ta ce kada mu kuskura mu daina yi mata Hausa don wai ta iya Turanci. Ta ce yaran da suka fi saurin kama karatu a ajinta su ne waɗanda ake hira da su a gida, ko da wane harshe ne, domin yaron da ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya riga ya yi rabin aikin. Ta ce in an yi tatsuniyar Ananse, gizo-gizon Asante mai wayo, Jummai ce ke ɗaga hannu ta ce su ma suna da Gizo, matarsa Ƙoƙi. Wannan aikin uwarta ne. Ni ban tuna ranar da na yi mata tatsuniya ba.

Da rana aka kawo abinci, na shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnati ta fara a 2005. Ranar wake da shinkafa ne. Aka sake wanke hannu, aka ci, kowa ya kai kwanonsa, ƙanana suka kwanta a tabarma.

Gwangwanayen bakin taga

A bakin taga akwai gwangwanaye jere, kowanne da alamar mai shi. Wake da masara suka shuka kwana goma da suka wuce. Jummai ta ja ni ta nuna mini nata, ya fito da ganye biyu. Kowace safiya tana zuba masa ruwa, ta gwada tsayinsa da tsinken tsintsiya, a yi alama. Shiri ne na Ranar Manoma, wadda Gana ke yi tun 1985, galibi Juma'ar farko ta Disamba. Kafin ranar, kowane yaro zai kawo wani abu da ake nomawa a garinsu ya yi bayani. Bayan nan sai bitar ƙarshen zango, sai ranar rufe makaranta da suke kira Awa-De, ranar da ake sa kayan gida a zo da abinci a ci tare.

A nan ne na faɗi abin da ya kawo ni. Madam ta yi shiru, sannan ta ce ba za ta hana ba, 'yarmu ce. Amma ta buɗe rajista ta nuna mini layukan da suka yi fari. Ta ce kowace shekara in ƙarshen kaka ya zo haka 'ya'yan fatake ke ɓacewa, wasu sai Janairu, wasu sai bayan an yi nisa a zango na biyu. In sun dawo, sautukan baƙaƙen da aka koya sun gudu, yaron ya koma kukan safiya kamar sabon shiga. Ta ce, "Babba in ya yi tafiyar sati shida, ya dawo ya tarar da rumfarsa. Yaro ba haka ba ne."

Yadda muka ƙare

Maiɗakina ta tafi biki da jaririn. Jummai ta zauna, ƙanwata da ke aure a Asawase tana kula da ita, ni kuma ina kai ta da safe kafin in wuce kasuwa. Hajiya ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Yanzu wasan gwangwani ya fi dangi?" Na ba ta haƙuri, na yi alkawarin in an yi hutu ni da kaina zan kawo mata jikarta. Har yanzu in na kira, gaisuwar takan yi gajarta. Ban ce ita ba ta da gaskiya ba. Yaron da bai san gida ba shi ma ya yi rashi. Abin da na gane shi ne ana iya duba kalandar makaranta kafin a sa ranar tafiya, kamar yadda muke duba ranar kasuwa kafin mu yi lodi.

Ga 'yan uwana da ke Akara ko Lome ko Kwatano ko Yawunde, tsarin kowace ƙasa daban ne, amma shawarata ɗaya ce: ku ba da safiya guda ku shiga ajin. In yaro ya zo rumfa, kada a ce masa kawai ya zauna shiru. A ba shi ya ware, ya ƙirga, ya faɗi da Hausa abin da ya yi. In tafiya ta zama dole, a gaya wa malama da wuri, ta faɗi abin da za a riƙa yi da shi a can.

Ranar da aka kawo amfanin gona, 'yan ajin sun zo da rogo da doya da agade da gwaza, wani ya kawo ɗan kokon da ake cakulan da shi. Jummai ta tafi da goro fari da ja a cikin ganye, da zangarniyar gero guda da na roƙi wani direba ya taho mini da ita daga gida. Yawancin yaran ba su taɓa ganin gero a jikin zangarniya ba, sai a kofin koko. Ta ɗaga ta ta ce da Tuwi daga gonar kakarta ne, sannan ta maimaita da Hausa. Mataimakiyar ta ɗauka a waya ta turo mini, ni kuma na tura wa Hajiya. Ba ta ce komai a kai ba, amma ƙanena ya ce duk wadda ta shigo gidan biki sai ta nuna mata.