Ƙarya Guda Ɗaya a Cikin The Last of Us

A dazuzzukan Brazil da Thailand akwai wani naman gwari mai suna Ophiocordyceps da ke shiga jikin tururuwa. Sai ya sa ta bar gidanta ta hau tsiro, ta ciji ganye ta maƙale har ta mutu, sannan ya tsiro ta ƙeyarta ya watsa irinsa. Masana sun ga wannan da idonsu. A kansa kamfanin Naughty Dog ya gina wasan bidiyon The Last of Us a 2013, ya ƙara ƙarya guda tak: wai naman gwarin ya koma kama mutane.

Da tashar HBO ta mai da wasan fim mai dogon zango a 2023, masu shirya shi, Craig Mazin da Neil Druckmann, sun gane cewa mai wasa hankalinsa na kan tsira, amma mai kallo yana zaune, yana da lokacin tambaya. Don haka suka kewaye ƙaryar da gaskiya. Fim ɗin ya buɗe da wata hirar talabijin a 1968, inda masani ke bayanin cewa zafin jikin ɗan'adam ne ke kare shi daga yawancin naman gwari, sannan ya tambaya: in duniya ta ɗumama fa? Tambayar ba ta fim kaɗai ba ce. Wasu masana na zargin ɗumamar yanayi a bayyanar Candida auris, wanda aka gano a Japan a 2009.

A wasan, cutar na bin iska, dole a sa takunkumi. A fim kuwa takunkumi zai rufe fuskar jaruman fim ɗin, Pedro Pascal da Bella Ramsey, wurin da labarin yake. Sai a zangon farko aka maye gurbin yaɗuwar cutar ta iska da zaruruwa masu bin ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda naman gwari na ainihi ke yaɗuwa.

Wasu masu wasan sun yi ƙorafin an rage dodanni, wato mutanen da cutar ta kama. Ni ina bayan masu fim. Kashe dodo ɗari a wasa gwaninta ce, a fim kuwa yana kashe tsoro. Gaskiya ce ƙarfin fim ɗin. Dubi raƙumin dawan da Ellie, yarinyar labarin, ta ciyar a kashi na ƙarshe na zangon farko: na gaske ne, daga gidan namun daji na Calgary, ko da yake garin da ke bayansa kwamfuta ce ta zana.