Kafin Kufena Ya Yi Sanƙo

Wanda ya hau dutsen Kufena na Zariya da bazara zai rantse ba komai a can sai dutse da rana. To ya dawo a watan Agusta. Ciyawar nan da ta bushe ta manne a falalen dutse kamar tsohuwar tabarma ta koma kore shar, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashinta kwana da kwanaki bayan an ɗauke sama. Sa yatsa ka ɗaga gefenta, za ka tarar da 'yar baƙar ƙasa wadda sau da yawa kaurinta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ita ce duk jarin dutsen. Ƙurar hunturu ce da ruɓaɓɓen ganye da garin dutse suka taru sannu a hankali tun kafin kakanninmu, kuma a cikinta ne ƙwayar itace ke samun wurin tsira.

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, amma dutse ba ya riƙe ruwa. Shi ya sa itatuwan kan duwatsun ƙasar Zazzau kowanne da dabararsa. Dangin ɓaure da gamji sukan cusa saiwa cikin tsaga, su bi ta har inda laima take. Kukkuki da hano sukan zubar da ganye tun farkon rani, su tsaya tsirara kamar matattu, alhali da ransu. Tinya kuwa ba ta da ganyen kirki, ruwanta a jikinta take ajiyewa. A ja wa yara kunne a kanta: farin ruwanta dafi ne, in ya shiga ido yana iya makantarwa.

A busassun duwatsun ƙasar Meziko ma haka rayuwa take, ƙasa kaɗan, rani mai tsawo, wuta a kai a kai. Sai dai su can itacen ok da na fayin ne suka mamaye, har ƙasar ta fi kowace yawan ire-irensu, ok kaɗai ya haura iri 150. Mu ba mu da ko ɗaya na asali. Abin da ya tsaya mana a madadinsu shi ne dajin doka, tare da maje da taura da kaɗanya. Yau ka tsayar da yaron da ke wucewa ta Ƙofar Doka kullum, ka ce ya nuna maka itacen doka, sai ya zaci maganar 'yan sanda kake yi.

Wani zai ce in namu sun ƙare sai a dasa na waje. An gwada. A shekarun 1960 aka kafa tashar binciken gandun daji a Samaru, aka jarraba fayin na Amurka ta Tsakiya a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos. Ya yi, amma da jinya. Fayin ba ya girma sai da wani naman gwari da ke zama a saiwarsa yana taya shi tsotsar abinci, kuma ƙasarmu ba ta da shi, sai da aka kawo. Yana son ƙasa mai zurfi, in kuma wuta ta same shi yana ƙarami, shi ke nan. Ba itacen da za a ɗora a tsagar Kufena ba ne.

Wutar nan ita ce babbar matsala. Ciyawar da aka ƙone a Nuwamba, da sauran ɗanyenta, wuta lasarta kawai take yi ta wuce. Wadda samari ke cinnawa a Fabrairu ko Maris don farautar gafiya takan cinye ƙananan itatuwa, ta toye tabarmar ciyawar har ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ruwan farko na zuwa sai ya wanke ta zuwa gangare, a bar dutse fayau. Doka da ke fili takan sake tohowa daga saiwa, amma itacen da ke kan dutse ba shi da inda zai koma. Masu fasa dutse da masu gawayi kuma suna ƙarasa abin da ya rage.

Sai masu magani, waɗanda ba na ganin laifinsu, don sana'a ce ta gado kuma duk muna sha. Amma na ga hano an yi masa zobe, an sassaƙe ɓawon ya zagaye gindin kaf. Ta cikin ɓawon nan ne abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa, in aka yanke hanyar, itacen zai yi ta tsayuwa kamar lafiya lau, daminar baɗi ko ta gaba ya bushe. A ɗebi sassaƙe ta gefe ɗaya, tsaye, kada ya wuce faɗin yatsu uku ko huɗu, kuma kada a koma wa itacen sai tabon ya rufe.