Sunan Titi Mai Fitila: Daga Amurka Zuwa Mahaɗun Apo

Duk wanda ya shiga Apo bayan isha'i ya san abin da ke haske a bakin hanya: allunan otal, gidajen mai, bankuna, shagunan magani, har da rumfunan masu POS. Sunan titin da duk waɗannan suke kai kuwa, sai direba ya rage gudu ya dalle shi da fitilar mota, idan ma akwai allon ke nan. Alhali akwai biranen da shi kansa sunan titi yake da fitilarsa. Ga kaɗan daga abubuwan mamaki game da wannan ɗan allo.

Amurka ce gidansa. A jihohin Kalifoniya da Arizona da Nebada da Fulorida, abu ne da aka saba gani a manyan mahaɗu: siririn akwati na alminiyam, fuskokinsa biyu na roba mai kauri da haske ke ratsawa, an rataye shi a jikin dogon ƙarfen da ke ɗauke da danja a saman titi. Daga layin wutar danjar yake sha. Wata 'yar na'ura mai jin haske ce ke kunna shi da faɗuwar rana, ta kashe shi da wayewar gari, ba ruwan kowa. A da dogayen fitilu irin na ofis ake sakawa a ciki, ga nauyi, ga cin wuta, ga yawan mutuwa. Yanzu ƙananan ƙwayayen LED sun maye gurbinsu.

Farin hasken LED ɗin nan ma da labarinsa. Bai samu ba sai da aka iya ƙera shuɗiyar ƙwaya mai ƙarfi, aikin da ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, dukansu haifaffun Japan, kyautar Nobel ta 2014. Tocilar da ke wayarka da fitilar solar da ke ƙofar gidanka duk 'ya'yan wannan bincike ne.

To me ya sa sai an sa wa allo fitila, bayan akwai mai ƙyalli da ke mayar da hasken mota? Dalilin yana jikin motar. An saita fitilunta su kalli ƙasa don kada su kashe wa mai tahowa ido, saboda haka allon da ke rataye can sama ɗan abin da ya tsere na haske kawai yake samu. Na gefen hanya kuma babbar mota ɗaya ta isa ta tare shi. Sannan a mahaɗa mai hada-hada, inda allunan talla ke ta walƙiya, allo marar fitila nutsewa yake a cikinsu.

Akwai wani dalilin da ya fi damuna. Allo mai ƙyalli inda haske ya fito can yake mayar da shi, wato wajen mai fitila. Mai tafiya a ƙasa, da matar da ta sauka daga tasi da kaya a ka, da yaron da aka aika sayen magani, babu abin da allon yake yi musu. A unguwa irin Apo, inda dubban masu aikin hannu da 'yan kasuwa da masu gadi ke tashi aiki cikin duhu su nemi abin hawa, wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Shi mai ƙyallin ya girmi Najeriya mai 'yanci. Kamfanin 3M ne ya fito da shi, an kuma kafa allon farko a birnin Minneapolis a 1939. Ƙananan duwatsun gilashi ne, ƙanƙanta kamar yashi, aka manne a fuskarsa. Shekara biyar kafin nan, a 1934, wani Bature mai suna Percy Shaw daga garin Halifax na Ingila ya yi rajistar ƙirƙirarsa, 'yan idanun gilashin da ake binnewa a tsakiyar kwalta, waɗanda ya sa wa sunan idon mage.

Amurkawa har lissafin tsawon harafi suke yi. Littafin ƙa'idojinsu na alamomin hanya ya ɗauka cewa kowane inci ɗaya na tsawon harafi ana iya karanta shi daga ƙafa 30. Allon da ke rataye a sama, babban harafinsa inci 12 ne, ke nan za a karanta shi daga kimanin mita 110. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyar ke nan direba yake da su ya karanta, ya yanke shawara, ya sa sigina, ya canja layi. Idan harafin inci 6 ne, daƙiƙa biyu da rabi suka rage masa. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta taka birki ba zato a kan babbar hanyar Nnamdi Azikiwe don direba ya wuce kwanarsa, ya ga wannan lissafi da idonsa.

Ƙara da shekaru. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Allon da saurayi ya karanta daga nesa, dattijo sai ya zo dab da shi.

A 2009 aka sabunta wancan littafin, aka ce sunan titi a daina rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla, a gauraya da ƙanana, domin ido ya fi saurin gane siffar kalma a haka. Birnin New York kaɗai alluna sama da dubu 250 abin ya shafa.



Paris ta daɗe da fara aikin sa wa tituna alluna. A 1728 aka ba da umarnin manna sunayen tituna a kusurwoyin gidaje, a 1844 kuma aka tsayar da farin rubutu a kan shuɗi, launin da birnin ke amfani da shi har gobe. A Rio de Janeiro ta Birazil, ƙarƙashin sunan titi ana ƙara ɗan layi mai bayyana wane ne mai sunan. A Delhi ta Indiya allo ɗaya kan ɗauki harshe huɗu: Hindi, Turanci, Punjabi da Urdu.

Dabarar Rio ta dace da Abuja ƙwarai, domin titunan birnin nan makaranta ce da aka bari a rufe. Ka shiga Maitama, koguna ne ke gudana a alluna: Nilu, Amazon, Mississippi, Danube, Thames. Ka shiga Asokoro, shugabanni ne: Nelson Mandela, Kwame Nkrumah, Julius Nyerere, Thomas Sankara, Yakubu Gowon. A Wuse biranen Afirka sun yi yawa, ga kuma Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse II, ga titin Ladi Kwali, mai ginin tukwanen nan da hotonta ke bayan naira ashirin. Yara nawa ne ke wucewa ta waɗannan tituna kullum ba tare da wani ya gaya musu su waye ba? Layi ɗaya a ƙasan allo, da Turanci da harsunan gida, zai yi aikin da malami zai yi mako yana yi.

Amma fa ba kowace ƙasa ce ta yarda titi sai da suna ba. A Japan yawancin tituna ba su da shi, gunduwa-gunduwar gidaje ake bai wa lamba, sai 'yan birane irin Kyoto da suke bin sunayen tituna. Koriya ta Kudu ta daɗe a kan irin wannan tsari, ta koma adireshin sunan titi gaba ɗaya a 2014. San José, babban birnin Kosta Rika, sai a 2012 aka tashi haiƙan ana kafa alluna a cikinsa. Dubai ta bai wa ƙofofin gine-gine lamba mai alƙaluma goma da ake kira Makani. Gana ta ƙaddamar da adireshin GhanaPostGPS a watan Oktoban 2017.

Na Managua, babban birnin Nikaraguwa, ya fi duka. Girgizar ƙasar 1972 ta rushe tsakiyar birnin, amma har yau ana yi wa baƙo kwatance da ginin da ya rushe tun wancan lokaci: daga inda gidan siliman nan yake a da, ka yi gabas layi biyu.

Kafin mu yi mamakinsu, mu dubi gida. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013, yau AEDC ke kawo wa Abuja takardar kuɗin wuta. Duk da haka ka tare ɗan keke a Apo ka ce NEPA Junction, ba zai tambaye ka ina ba. Sunan daga tashar wutar lantarkin da ke yankin ya samo asali. Haka Berger daga kamfanin Julius Berger, haka Banex daga rukunin shaguna. Hanyar filin jirgi a takarda Umaru Musa 'Yar'aduwa ce, hanyar Kubwa kuma Murtala Muhammed, amma a bakin kwandasta ba haka suke ba. A 2024 an ƙara titin Bola Ahmed Tinubu da na Wole Soyinka. A shekarar ce kuma, cikin watan Oktoba, hukumomin Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai suka sa na Djibo Bakary. Raɗa suna aikin yini ɗaya ne. Kafin ya zauna a bakin jama'a sai sun daɗe suna ganinsa, dare da rana.

Apo tana da nata rikicin na daban. Rukunin gidajen 'yan majalisa, waɗanda aka gina wa wakilan Majalisar Tarayya daga baya aka sayar musu zamanin Obasanjo, an kasa shi shiyya-shiyya da haruffa. Apo Resettlement, inda aka tanada wa mutanen asalin ƙauyen Garki, shi ma da haruffa aka kasa shi. Saboda haka idan mutum ya ce maka yana Zone E a Apo, bai gama magana ba, sai ka tambaye shi wanne. Ga kuma Apo Mechanic, inda kwatance ya koma sunan mai shago da irin motar da yake gyarawa. Sai ka ji ana cewa a waya, "Alhaji, in ka wuce gada ka miƙe, ka bar gidan mai na farko, ka tsaya a na biyu, zan turo yaro."

An ce matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne da rana. Ƙarfe biyun dare wa za ka tambaya? Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya 112 ce. Mai kiran da matarsa ke naƙuda, ko wanda shagonsa ya kama da wuta, dole ya faɗi inda yake, direban motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana kuma dole ya gane wurin cikin duhu. Kowace kwana da aka wuce aka dawo, mintoci ne suka tafi.

Mutane da yawa ba su san aikin waye ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Apo tana ƙarƙashin AMAC, ɗaya daga majalisun yankuna shida na Birnin Tarayya, sauran su ne Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Manyan hanyoyi da danjoji da fitilu kuwa suna hannun Hukumar Birnin Tarayya. Allo mai fitila a tsakanin hukumomin biyu yake zaune.

Maganar rashin wuta ba hujja ba ce yanzu. Danjoji da dama a Abuja da sola suke aiki, wasu da tallafin ƙasar Sin aka kafa su, kuma abin da allon LED ke ci bai taka kara ya karya ba. Abokan gabarsa na gaskiya biyu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke rufe farantin sola ta kuma dusashe allo mai ƙyalli, maganinta ruwa da tsumma da wanda aka ɗora wa alhakin gogewa. Na biyu ɓarayin ƙarfe da waya da batir, waɗanda ba su bar fitilun titi ba, ba su bar murafun magudanan ruwa ba. Ɓarnarsu ce ta sa a farkon 2025 hukumomin birnin suka rufe kasuwannin fanteka na mako biyu, suka kuma hana 'yan bola yawo a cikin gari. A nan allon sama ya fi na gefen hanya tsira, tun da hannu ba ya kai masa sai da tsani.

Ko a Amurka ba kowane lungu ake sa wa mai fitila ba, manyan mahaɗu masu danja ake zaɓa, sauran a bar su da mai ƙyalli. Apo ma abin da take bukata ke nan: masu fitila a gadar Apo da NEPA Junction da mashigar Resettlement da ta Mechanic, kowanne da sunan hukuma a sama da sunan da jama'a suka sani a ƙasa, sai alluna masu ƙyalli da manyan haruffa a kowane layi. Ƙungiyoyin mazauna unguwa da na makanikai da na 'yan kasuwa suna da baki a wajen AMAC da Ministan Birnin Tarayya. Su rubuta, su bi sawu, su kuma nemi a faɗi wanda zai riƙa gyarawa tun kafin a kafa.