Ƙagewar Murya ga Yara: Ganewa da Magani, Tare da Duban Halin Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi bayani ne a kan wata cutar murya wadda likitoci ke kira dysphonie spasmodique da Faransanci, mu kuma muka ga ya dace mu kira ta ƙagewar murya. Mun zaɓi wannan suna ne domin abin da ke faruwa a maƙogwaron mai cutar ya yi kama da yadda tsokar ƙafa ko ta hannu kan ƙage ba da son mai ita ba. Cutar ta manya ce: galibi takan fara tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma ta fi kama mata. Samun ta ga yaro abu ne mai wuya ƙwarai. Amma saboda hakan ne ma ya kamata a yi magana a kanta, domin idan muryar yaro ta ɗauki kamannin wannan cuta, sau da yawa akwai wani abu mafi girma a bayanta, wanda in an gane shi da wuri ana iya ceton yaron.

2. Yadda cutar take

Ɗaliban ilmin furuci sun san cewa a cikin maƙwallato akwai tantani guda biyu. Idan suka matso kusa da juna, iskar huhu ta kaɗa su, sai a sami ziza, kamar a furucin wasula da /b/, /d/, /z/, /m/. Idan suka buɗe, sai a sami sauti maras ziza irin su /s/, /t/, /k/, /h/. Ƙananan tsokoki ne ke wannan buɗewa da rufewa, ƙwaƙwalwa kuma ita ke ba su umurni. Ga mai ƙagewar murya, tantanin lafiya lau yake, tsokokin ma haka. Matsalar tana wajen umurnin, wato a sassan ƙwaƙwalwa masu daidaita motsi. Saboda haka ake lissafa cutar cikin dangin distoniya, ma'ana ƙagewar tsoka mai asali daga ƙwaƙwalwa.

Iri biyu ne manya. A na farko, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, tantanin kan matse da ƙarfi a tsakiyar magana, murya ta fito a shaƙe, tana yankewa kamar an kama mutum a wuya. A na biyu tantanin kan buɗe a inda ya kamata ya rufe, sai murya ta zube ta koma iska ko raɗa, musamman bayan baƙi maras ziza.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne cutar tana zaɓen aiki. Mai ita kan yi dariya, ko kuka, ko raɗa, sau da yawa har waƙa, da murya sumul, amma da zarar ya koma zance sai ta shaƙe. Wannan ya ruɗi likitoci ma. Tun da Ludwig Traube, likitan birnin Balin, ya bayyana cutar a 1871, kusan ƙarni guda ana ɗaukar ta a matsayin larurar damuwa. Sai a 1968 Arnold Aronson da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka kawo hujjojin da suka karkata ra'ayi zuwa ga jijiya. Idan masana sun yi wannan kuskure na tsawon lokaci haka, bai kamata mu yi mamakin uban da ya ji ɗansa yana rera karatun allo lafiya, ya kuma kasa amsa gaisuwa, ya ce iskanci ne, ko kakar da ta ce iska ce ta shafe shi.

3. Abubuwan da ya kamata a fara kawarwa

Gundumar Magarya tana kudu da birnin Damagaram, a bakin iyaka da Nijeriya; Dungas kuwa daga cikinta aka yanke ta a 2011. Yanki ne mai cunkoson jama'a da yawan yara, inda zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan haɗu a kowace damina. Ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta fara aiki a Magarya a 2005, kuma a watan Satumba na 2018 ta ba da sanarwar cewa yaran da ke kwance a sashen yara na asibitin gundumar sun haura 700. A irin wannan hali ma'aikacin jinya yana fama ne da ceton rai, dushewar murya kuwa takan zo a ƙarshen layi. Ba mu ga laifinsa ba. Sai dai akwai canjin muryar da shi kansa maganar rai ce.

Na farko shi ne mashaƙo, wanda ya ɓarke a jihar Damagaram da Kano a 2023. Yaro mai zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da kumburin wuya, da dusasshiyar murya, da numfashi mai ƙara, asibiti za a kai shi a take. Na biyu shi ne illar wasu magunguna. Maganin amai da ake kira metokulofuramid (Primpéran), da furometazin, da halofiridol, suna iya sa wuyan yaro ya murɗe, idanu su kakkafe sama, muƙamuƙi ya ƙage, wani lokaci har maƙwallato ya rufe, duk cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan bayan sha. Wannan ma distoniya ce, amma ta farat ɗaya, kuma takan warware idan an dakatar da maganin an yi allurar da ta dace. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba jarirai ƴan ƙasa da shekara ɗaya metokulofuramid tun 2013. A inda ake sayen ƙwaya a tire ranar kasuwa, tambayar "me aka ba shi ya sha?" ita ce ya kamata ta zo farko, kafin a ce sanƙarau ne ko tsinkau-tsinkau.

Bayan waɗannan sai cututtukan da ke tafiya a hankali. Mafi yawan yaran da muryarsu ta daɗe a dushe suna da ƴan ƙulluttai ne a kan tantanin, sakamakon yawan ihu. Mun san yadda ɗan kiwo, da mai talla, da almajirin da ke ɗaga murya dare da safe suke wahalar da maƙogwaro. Muryar irin wannan yaro a dushe take kullum, ko yana waƙa ko yana zance, ba ta yankewa. Akwai kuma tsiro mai kama da kaushin fata da ƙwayar HPV nau'i na 6 da na 11 ke haddasawa ga ƙananan yara, wanda ake yawan ɗauka fuka ce har sai ya kusa toshe hanyar iska. Akwai shanyewar tantani ɗaya. Akwai matsewar tsokar wuya ta sabo, wadda ta fi kowace kama da ƙagewar murya, amma ita ba ta zaɓen sauti kuma horon murya yana warkar da ita. In'ina daban ce: matsalarta a gudanar magana take, ba a ziza ba.

4. Idan distoniya ce fa?

Idan an tabbatar ƙagewa ce ta gaskiya, to ga yaro ba a tsayawa a maƙogwaro. A sa shi ya yi tafiya, ya yi rubutu, a dubi wuyansa da harshensa, domin distoniyar da ta fara a ƙuruciya ta fi saurin yaɗuwa zuwa sauran jiki. Wani kaso na gado ne. An gano ƙwayar gado ta TOR1A a 1997, wadda cutarta kan fara a ƙafa ko hannu. An gano THAP1 a 2009, ita kuwa takan taɓa maƙwallato da harshe tun da sauran ƙuruciya. An kuma gano TUBB4A a 2013 a cikin wani dangi na Ostireliya da aka daɗe da sanin suna magana da raɗa. Cuta biyu kuma wajibi ne a neme su domin suna da magani. Ɗaya ita ce cutar Wilson, inda sinadarin tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Sai yaro ya gado ta daga uwa da uba duka biyu, don haka auren zumunci yana ƙara yiwuwarta. Ɗayar ita ce wadda Masaya Segawa na Japan ya bayyana a shekarun 1970, wadda kan tsananta da yamma ta yi sauƙi bayan barci, kuma ƙwayar lebodofa kaɗan kan tayar da yaron da aka riga aka fid da rai zai yi tafiya.

A Magarya da Dungas kuwa, abin da muke ganin ya fi kusa shi ne raunin da wata cuta ta bari a ƙwaƙwalwa: wahalar haihuwa, shawara mai tsanani a makon farko, zazzaɓin da ya hau kai, ko sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin masu cutar ƴan Dungas ne. Waɗanda suka tsira sun cancanci a bi sawun jinsu da maganarsu. Sanƙarau kan bar kurumta, kurma kuwa muryarsa kan canza ko da maƙwallatonsa lafiya yake.

5. Gurbin masana harshe

A ƙasashen Turai likita kan ba maras lafiya jimloli iri biyu ya karanta, wasu cike da sautuka masu ziza, wasu cike da marasa ziza, a ga inda murya ta fi yankewa. Fassara waɗannan jimloli zuwa Hausa ba ta da amfani, domin sauti ake nema ba ma'ana ba. Hausa kuma tana da nata siffofi da za su iya ruɗar da mai sauraro. Duk kalmar da muke rubutawa da wasali a farko, da hamza ake fara furta ta, wato da rufewar tantanin gaba ɗaya. Haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/, da /ƴ/, ana furta su da ƴar matsewar maƙwallato, kamar yadda Peter Ladefoged ya nuna a bincikensa na 1964 a kan harsunan Afirka ta Yamma; tunkuɗau /ƙ/ da /ts/ kuwa da tantani a rufe ake yin su. Ke nan lafiyayyen Bahaushe yana yin, bisa ƙa'idar harshensa, irin motsin da baƙon likita zai iya lissafawa a matsayin alamar cuta. Shawararmu ita ce jimlar gwaji ta kauce wa waɗannan sautuka. Alal misali, "Lami na wannan gari da rana" ga masu ziza, da "Hasana ta sha koko" ga marasa ziza. Misalai ne kawai da ke jiran a gwada su a kan lafiyayyun yara tukuna, tare da la'akari da karin harshen yankin. Sai kuma karin sauti: bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya yana kan gaɓar ƙarshe, tantanin nan kuma shi ke ɗauke da shi. Ɗalibin da ke neman batun kundi, ga shi nan.

6. Magani

Tabbatar da cutar aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, wanda zai zura siririn bututu mai fitila ta hanci ya kalli tantanin yayin da yaro ke magana, tare da likitan jijiya. Ga mutumin Magarya hanyar ita ce daga CSI zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram ko Yamai. Wasu kan ƙetara zuwa asibitin koyarwa na Aminu Kano. Dushewar da ta kai wata ɗaya ta isa dalilin turawa.

A 1976 Herbert Dedo ya fara yanke jijiyar maƙwallato ta gefe ɗaya, amma cutar ta komo wa da yawa bayan ƴan shekaru. A 1984 Andrew Blitzer da Mitchell Brin suka fara yin allurar dafin botulinum a tsokar maƙwallato a birnin New York, ita ce kuma ta zama babban magani ga manya. Ɗan mitsitsin dafi kan sassauta tsokar da ke ƙagewa na wata 3 zuwa 4, sai a maimaita. A makon farko ko na biyu murya kan yi rauni, ruwa kan sarƙe mutum. Ga yaro ba a gaggawar wannan allura, sai an nemi tushen cutar, domin idan Wilson ce ko ta Segawa, ƙwaya ce maganinta. Horon murya ba ya warkar da ƙagewa, amma yana rage wahalar da yaro ke ƙara wa kansa wajen yaƙi da ita. Cire beli da wanzami ke yi ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, domin beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, tantanin kuwa yana ƙasa cikin maƙwallato. Abin da ake samu shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Malamin makaranta, na boko ko na allo, yana da nasa aikin. Kada a tilasta wa yaron ɗaga murya gaban aji, domin firgici yana tsananta ƙagewar. A bar shi ya amsa a rubuce, ko a kusa da malam, ko da rerawa idan ta fi masa sauƙi, a kuma rubuta wa likita lokutan da muryar ke gyaruwa da lokutan da take shaƙewa.