Daga Legas zuwa Akra: abin da ke cikin jakar maganin direban tirela

Idan kuna da direban babbar mota a gida, kun san ranar tafiya ake sani, ranar dawowa sai Allah. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma sai an ƙetare iyaka uku: Seme zuwa Jamhuriyar Benin, Hilakonji zuwa Togo, sannan Aflao zuwa Gana. A kowace akwai kwastan da jami'an shige da fice, akwai duba takardun mota da na kaya. Tirela kan yi kwanaki a layi. A wannan jiran ne lafiyar direba ta fi tabuwa.

Ku dubi yininsa. Yakan tashi kafin asuba don ya riga cunkoso, ya karya da shayi da burodi a tsaye. Yana rage shan ruwa saboda babu wurin faka tirela duk lokacin da fitsari ya matsa. Kwanansa a cikin mota ne ko a kan tabarma a ƙarƙashinta, ido ɗaya a kan kaya, sauro na shawagi. Da layi ya motsa dole ya tashi, ko ƙarfe nawa ne. Mai kaya kuma yana ta bugo waya.

A irin wannan hali ne ake sayen magani a hannun masu talla a tasha. Abu uku nake so ku lura da su.

Na farko, maganin mura. Yawancinsu, irin su Piriton, suna sa barci. Ga mai zama a gida wannan ba matsala ba ce, amma ga mai riƙe da sitiyari gyangyaɗin daƙiƙa kaɗan ya isa ya jawo asarar rai. Duk lokacin da za a saya masa maganin mura ko na ƙaiƙayi, a faɗa wa mai kemis cewa tuƙi yake yi.

Na biyu, tramadol. Ana shan sa wai don ƙarin ƙarfi da kashe gajiya. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai aka daina. Yana kama jiki har mutum ya kasa aiki sai da shi, kuma idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne aka amince da su a Najeriya, su ma sai da takardar likita. Mai 225 da ke yawo a tashoshi haramtacce ne, kuma kama mutum da shi a kan iyaka na iya kai shi gidan yari, a bar motar a ajiye.

Na uku, maganin ciwon baya da gaɓoɓi, irin su ibuprofen da diclofenac. Shan su kullum, ciki babu abinci, yana kawo gyambon ciki. Idan aka haɗa da ƙarancin ruwa da zafin hanya, ƙoda ce ke wahala. Suna kuma iya ɗaga hawan jini.

Mai hawan jini ko ciwon suga yana da nasa ƙalubalen. Wasu direbobi kan ajiye maganin hawan jini a ranakun tafiya domin yana sa yawan fitsari. Mafita ita ce a koma wa likita ya sauya lokacin sha ko ya canza maganin. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa yana tsakiyar tuƙi: gumi, rawar hannu, jiri. Ya riƙa ajiye dabino ko alawa kusa da hannu.

Uwargida, a nan ne aikinki ya shigo. Ki haɗa masa jakar magani tun daga gida. Ki saka maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, don kada jami'i ya ga ƙwayoyi a leda ya yi zargi. Kada a bar jakar a gaban gilashi, domin yawancin magunguna ba sa son zafin da ya wuce digiri 30. Ki haɗa da gidan sauro da jarkar ruwa mai tsabta. Idan zazzaɓi ya kama shi, a yi gwaji tukuna. In cizon sauro ne, ya shanye maganin kwana ukun nan duka ko da ya ji sauƙi a rana ta biyu.

Kai kuma direba, ka tabbata katin rigakafin zazzaɓin shawara yana cikin takardunka. Allura ɗaya ta isa har abada, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada a bari sai daren tafiya. Ka yi amfani da zaman jiran iyaka ka rama barci, ku riƙa karɓa-karɓa da yaron mota wajen gadin kaya. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci.

Idan ya dawo gida, kafin a fara maganar lodi na gaba, a auna masa jini. Minti biyar ne a kemis mafi kusa da ku.