Goyo a Cikin Kwalekwale

A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a Amurka da Turai, yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai kai wata 6 ba. A ƙasar Ringim babu mai tambayar shekaru. Idan kogin Haɗeja ya cika a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda ya yi ambaliya a 2022, kwalekwale ne motar ƙauyuka da yawa, kuma mai jego dole ta je asibiti ko kasuwa.

Keken tura jariri ba shi da amfani a nan: yashi da taɓo sun hana shi tafiya, cikin jirgin kuma ba wurin ajiye shi. Zani da majanyi sun fi shi nesa ba kusa ba, domin hannuwan uwa a sake suke lokacin hawa da sauka.

Sai dai a tsakiyar ruwa lissafin ya juya. Idan jirgi ya kife, uwa tana ɗaga kanta ne ta shaƙi iska, ɗan da ke bayanta kuwa fuskarsa na nutsewa, ga jiƙaƙƙen ƙulli ba ya kwancuwa da sauri. Saboda haka gara ta sauke shi da zarar ta zauna, ta rungume shi a ƙirji.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar ceto, ta kuma hana tafiyar dare. Rigar manya ba ta riƙe jariri, zamewa yake yi ta ƙasa. Jirgin da aka cika da buhuna kuwa, a bar shi ya wuce.